Kariyar ɗalibai a makarantun Amurka: ba doka ɗaya ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ana yawan cewa dokar Amurka ta hana makarantu nuna wariya ga ɗalibai masu sha'awar jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Maganar tana buƙatar gyara, don a dokokin ilimi na tarayya babu wadda ta ambace su da suna.

Abin da ake dogara da shi dokar Title IX ce ta 1972, wadda ta hana wariya saboda jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A kan kalmar "jinsi" rigimar take. A Yunin 2020, a shari'ar Bostock, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce korar ma'aikaci saboda waɗannan dalilai wariyar jinsi ce. Sai dai wannan hukunci na wurin aiki ne, bai shafi aji kai-tsaye ba. Gwamnatin Biden ta shigo da fassarar cikin ƙa'idojin makarantu a Agustan 2024, wani alƙalin tarayya a Kentucky ya soke su ranar 9 ga Janairun 2025. Ko a batun banɗakin da ɗalibi mai sauya jinsi zai shiga, kan kotunan ɗaukaka ƙara a rabe yake: a shari'ar Grimm ta Virginia ɗalibin ya yi nasara, a ta Adams ta Florida makaranta ce ta yi.

Don haka sai a duba jiha. New York da California sun rubuta kariyar ƙarara a dokokinsu, jihohi da dama kuwa ba su yi ba. Makarantun addini ma an ware su a Title IX idan dokar ta ci karo da aƙidarsu.

Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne hujja. Bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1999 a shari'ar Davis, ba a cin makaranta diyya don kawai yara sun tsangwami yaro. Sai an nuna ta sani, ta yi kunnen uwar shegu, kuma tsangwamar ta yi tsanani har ta hana shi karatu. Faɗa wa malamin aji da baki a bakin ƙofa yakan tashi a banza. A rubuta wa shugaban makaranta da jami'in da ke kula da Title IX a hukumar makarantun yankin, a sa kwanan wata, wuri, abin da aka faɗa da waɗanda suka gani, a ajiye kwafi. Saƙonnin waya a ɗauki hotonsu kafin a goge. Ƙorafi zuwa ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi kuwa wa'adinsa kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, kuma jiran amsar makaranta ne yakan cinye shi.

Wannan mataki na hujja ya shafi kowane ɗalibi, har yarinyar da ake yi wa cin zarafi a motar makaranta.

Wassalam.
Mai karatunku.