Zuwa ga Ɗana, Game da Ƙwayoyin Kalsiyam na Babanka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so ka dakatar da aiko wa Babanka ƙwayoyin kalsiyam ɗin nan har sai likita ya gan shi. Na san ciwon gwiwarsa ne ya dame ka, Allah ya yi maka albarka, amma namijin da ya haura sittin ba a ɗura masa irin wannan magani bisa zato.

A 1998, masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka, da suka daɗe suna bibiyar cimar dubban maza ma'aikatan lafiya, sun gano cewa masu samun fiye da miligiram 2,000 na kalsiyam a rana sun fi kamuwa da sankara mai tsanani ta furostet, wato ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wasu masana na ganin yawan kalsiyam yana rage bitamin D mai aiki a jini. Maganar dai ba ta kai ga yanke hukunci ba, domin a 2014 Asusun Binciken Sankara na Duniya ya ce hujjar taƙaitacciya ce, sai dai a wurina ta isa ta sa mu yi hattara.

Abin da jikinsa ke buƙata miligiram 1,000 ne a rana, sai bayan shekara 70 ya koma 1,200. Na duba robar da ka aiko: kowace ƙwaya 600 ce, kuma biyu yake sha kullum, ga kuma damammiyar fura da kindirmo da ba ya fashinta bayan azahar, ga miyar kuka, ga kwaɗon zogale, ga busasshen kifin da yake taunewa har ƙashi. Kofin madara kaɗai yana ba da kusan 300. Nono kuwa ba zan hana shi ba, domin ƙashin tsoho ma yana da haƙƙinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan tashinsa fitsari da dare, wanda kunya ba ta barinsa ya ambata. Sau da yawa kumburin furostet ne kawai na tsufa, amma wannan sankara ita ce ta fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi shiga haɗarinta. Idan ka zo Kaduna, ka kai shi asibitin Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika a yi masa gwajin jini na PSA, wanda ke taimakawa wajen gano matsalar furostet, ka kuma tafi da robar ƙwayoyin don likita ya gani. Kai zai fi sakin jiki da kai a kan wannan magana.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifiyarka.