Harhaɗa Ƙaramar Lotus 49 Ba Wasan Yara Ba Ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wata sana'ar hannu da ban taɓa ganin an taɓo ta a shafukanku ba, wato harhaɗa ƙananan motocin tsere na da, irin waɗanda ake sayarwa a kwali gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya haɗa da kansa. Da yawa in sun gani sai su ce ai kayan wasan yara ne, kuma gaskiya wannan maganar tana min ciwo, domin ilimin da ke cikin kwalin nan ya wuce yadda ake zato.

Wadda nake kai yanzu ita ce Lotus 49 ta kamfanin Tamiya na Japan, sikelin 1/12, ma'ana komai an rage shi sau 12. Asalin motar, ta kamfanin Lotus na Ingila, ta fara fita tseren Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ne a 1967 a filin Zandvoort na ƙasar Holan, kuma a fitowar farko Jim Clark ya ci tseren da ita, koriya ce mai ratsin rawaya a tsakiya. Injinta Ford Cosworth DFV, silinda 8, lita 3, Keith Duckworth ne ya tsara shi, kuma injin nan ya ci gaba da cin tseren Formula 1 har zuwa 1983, sau 155 gaba ɗaya.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na sha karanta cewa Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya mai da injin ya zama wani ɓangare na shasin motar, amma sai da hannuna ya kai wurin na gane me ake nufi. Kana gama gaban motar inda direba ke zama sai ka ga shasin ya ƙare a bayan kujera, babu komai kuma, injin ne za a ɗaure kai tsaye a jikin bangon nan, sannan giyabos ya kama injin, su shokzoba da ƙafafun baya duk a jikinsu suke rataye, wato ka cire injin motar ta rabu biyu kenan. An rage ƙarfe, an rage nauyi. Wallahi wanda ya haɗa wannan da yatsunsa ba zai ƙara mantawa ba, ko bai taɓa shiga garejin makanike ba.

Shi aikin kansa haƙuri yake so. Ba a ɓalle gutsuren daga firam ɗin robar da suke zuwa manne a jiki da hannu, da ƙaramar filaya ake yankewa a goge wurin da sanfefa mai laushi. Kafin gam ya taɓa komai sai an gwada an ga sun zauna daidai, saboda gam ɗin roba narkar da ita yake yi ya haɗe su, in ya kama shikenan, kuma ba ya kamawa a kan fenti ko wurin da aka yi wa ruwan azurfa, dole a kankare da reza tukuna. Sufa gulu kuwa kar ya kusanci gilashin gaba, hazo yake sa masa. Fenti a fesa shafal-shafal a bari ya bushe a sake, wanda ya zuba da yawa lokaci ɗaya zai ga yana zubar hawaye a jikin bodin.

Inda na fi jin daɗi shi ne wayoyin fulogi, guda 8 sirara, da hantsaki ake cusa kowace a raminta, kana riƙe numfashi. Sai bututun salansa da suka nannaɗe juna huɗu-huɗu a kowane gefe. Lambobi da sunaye kuma a ruwa ake jiƙa su su saki takardarsu a zamar da su a hankali, in aka ja da ƙarfi yagewa suke.

Roƙona Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku ware ɗan gefe a shafin matasa ko na kimiyya don irin wannan aiki, da hoto da bayanin yadda ake yi, mai farawa a nuna masa ya soma da sikelin 1/24 mai sauƙin gutsure kafin ya taɓa 1/12. Ni a shirye nake in riƙa turo hotunan matakin da na kai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karatunku a kullum