Kalandarmu Ba Ta San Gurjiya Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ƙarshen shekara ya zo, masu injin buga takardu a Bauchi sun duƙufa kan kalanda, kuma tun kafin ta fito na san abin da ke ciki: fuskar ɗan siyasa da taken jam'iyya. Shi ya sa nake so in ba su labarin mutanen Japan.

Tsakanin 1856 da 1858, mai zane Hiroshige ya fitar da hotuna sama da 100 na birnin Edo, wato Tokyo ta yau, an jera su bisa yanayin shekara. Ɗaya daga ciki harabar wurin ibada ce ta Kameido Tenjin, furen fuji mai ruwan shuni yana reto kamar labule, bayansa jama'a na hawa wata gada mai doro. Kada wani ya ce ina tallan bautarsu, addininsu nasu ne. Sana'ar nake kallo.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna takardar a kan katakon ceri ya ƙwaƙule duk inda babu layi. Kowane launi da nasa katakon, da 'yar alama a gefe don kada takarda ta goce. Mai bugawa ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Babu inji, amma ana fitar da ɗaruruwa, da arha har talaka na saye. Wani hoton daga cikinsu, na lambun itatuwan fulam masu fure a Kameido, ya kai Faris, shahararren mai zanen Turai Van Gogh ya kwaikwaye shi a 1887. Har gobe mutane na zuwa kallon fujin nan a ƙarshen Afrilu.

Mu fa? Da hunturu gurjiya kan zubar da ganye ta yi ja wur da fure. Ɗorawa kan rataya nata jajayen ƙwallaye kafin ruwa ya sauka. Gawo kuwa sai rani yake kore. Jikokina sun fi sanin su a buhun gawayi.

Masu sassaƙa ƙwarya da allo muna da su, hannunsu ba ya rawa. Duk mai injin da ya yarda ya gwada bana, zan ba shi zane 12 kyauta, wata ɗaya itace ɗaya, shi ya nemo masassaƙin.

Naka,
Tsohon malamin zane, Bauchi