A ware wa masu sha'awar ɗaukar hoto shafi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a madadin irinmu masu ɗaukar hoto don sha'awa, ba don neman abinci ba. Ni malamin makaranta ne. Shekara huɗu ke nan da na sayi kyamarar Canon 600D ta hannu, ƙirar 2011, kuma wata shida na farko ban taɓa sauke ta daga otomatik ba, wato inda take zaɓar komai da kanta.

Farin wata ne ya raba ni da otomatik. Daren sha huɗu na hau bene na ɗauke shi, sai ya fito fari fat kamar ƙwan lantarki. Na yi ta gwaji kafin in gano dalili: kyamara ta ga duhu ya kewaye ko'ina, sai ta buɗe ido ta daɗe tana shan haske, alhali hasken rana ne a jikin watan, awon rana yake so. Na mayar da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, buɗin ido (girman kafar da haske ke shiga) f/11, ƙiftawa (tsawon lokacin da take shan haske) 1/125 na daƙiƙa, na ɗora ta a kan ƙafa uku, na sa ta jira daƙiƙa 2 don kada hannuna ya girgiza ta. Da na ga baƙaƙen tabon wata sun fito rangaɗau, wallahi sai da na taso maiɗakina ta gani. Daga baya na lura ramukansa sun fi fitowa daren bakwai ko takwas, lokacin da inuwa ke kwance a cikinsu.

A Hawan Daushe na gwada abu biyu. Da ƙiftawa 1/1000 doki ya tsaya cak a cikin sukuwa, har ƙurar kofatonsa ana gani. Da 1/30 kuwa, ina bin mahayi da kyamara, bayansa ya zama zane-zane shi kuma ya fito sarai. Cikin hoto arba'in uku kaɗai suka yi, amma ukun nan na fi so.

Ga kuma hunturu. Duk mai canza gilashin kyamara a cikin hazo ya ɗauki sararin sama a buɗin ido f/22, zai ga ɗigo-ɗigon ƙurar da ta shige masa ciki.

Duk wannan ni kaɗai na koya, da ɓata da gyara, kuma ba sai kowa ya sha wannan wahalar ba. A 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya, amma hotunan da matasanmu ke ɗauka suna ƙarewa ne a cikin katin kyamara. Don Allah ku ware mana shafi ko da sau ɗaya a mako, a riƙa buga hotunan masu karatu, kuma a ƙarƙashin kowanne a rubuta ISO da buɗin ido da saurin ƙiftawar da aka yi amfani da su, da Hausa. Idan kun amince, hoton watan nan zan fara aikowa.

Naku mai karatu,
daga Gwale, Kano.