Wasiƙa Ga Iyaye: Fitar 'Yan Aji Biyar Da Shida

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara.

Maganar da muka yi a taron iyaye da malamai tana nan: Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, 'yan aji biyar da shida za su je gandun namun daji na Jos, wato Wildlife Park. Amma har yau takardun amincewa da yawa ba su dawo ba. Wasu sun dawo ba sa hannu, ɗaya ma da tabon manja. Duk yaron da takardarsa ta wuce Talata, a aji zai wuni. Kada a tare ni a bakin mota ana "Malam, a yi haƙuri."

Wani uba ya ce min shi ba zai biya kuɗin mota don kallon biri ba. Alhaji, itatuwa za mu gani. Tun 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka keɓe wajen, ga shi gari ya kewaye shi da gine-gine, amma dajin yana nan. Makon jiya Malamar Kimiyya ta shiga aji da ganyen ɗorawa a hannu, aka rasa mai gane shi, alhali kullum da daddawa ake yi musu miya. Bishiyar turare kuwa sun ɗauka tamu ce tun kaka da kakanni. Asalinta Ostireliya, an dasa ta da yawa a Filato don farfaɗo da filayen da haƙar kuza ta lalata. Malama dai Allah ya saka mata, da kuɗinta ta sayi takardun da yara za su manna ganye. Da kowa haka yake, da na huta.

A sa musu rigar sanyi, kun san safiyar Jos. Takalmi rufaffe, ban da silifa. Ruwa, abinci, fensir da littafi. Ku ja musu kunne kan ƙerana: ruwanta fari kamar madara, in ya shiga ido sai asibiti. Waya kuma in na gani, sai ƙarshen zango.

Mota za ta tashi ƙarfe 8, ba ta jiran kowa.

Jarrabawa tana nan yadda aka sanar. Masu bashin kuɗin makaranta sun san kansu. Wanda ya bar kular abinci a ofishina tun watan jiya, ya zo ya ɗauka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta