Huda yatsa sau ɗaya bai isa a ce mutum yana da ciwon sukari ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin jama'a game da gwajin sukarin jini da ake yi da ƴar na'urar nan ta hannu a kasuwanni, ƙofar masallatai da shagunan magani, inda ake huda yatsa a ɗiga jini, lamba ta fito, nan take a ce wa mutum yana da ciwon sukari.

Abin ya faru da yayana, wanda yake sayar da dabino da mazarƙwaila. Masu gwaji kyauta sun shiga kasuwarsu yana tsakiyar auna wa mai saye, ya miƙa hannu ba tare da an ce ya wanke ba, na'ura ta nuna 231. Kafin la'asar ya sayi ƙwayar rage sukari a kemis, ya kuma fara lissafa basussukan da ake binsa kamar mai barin wasiyya. A rana ta uku aka same shi a rumfa yana karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga, domin maganin ya saukar da sukarinsa fiye da ƙima. Da muka kai shi asibiti aka dakatar da ƙwayar, bayan kwanaki aka ɗebi jini a jijiya da safe kafin ya karya, aka sami 92, wato sukarinsa bai hau ba, aka maimaita a wata ranar aka sami kusan haka. Likitar ta ce mai yiwuwa danƙon dabinon da ke yatsarsa na'urar ta auna.

Ba na ɗora wa na'urar laifi, domin an yi ta ne saboda wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon ya riƙa bibiyar kansa a gida. Ƙa'idar ingancinta ta duniya, wadda aka sabunta a 2013, ta yarda sakamako ya kauce wa na ɗakin gwaji da kashi 15 cikin ɗari idan sukarin ya kai 100. Ke nan wanda ainihin sukarinsa 120 ne zai iya ganin 102, zai kuma iya ganin 138, alhali iyakar da ake yanke hukunci da ita, wato 126, tana tsakanin lambobin biyu. Ga kuma batun zafi: yawancin ƴan takardun da ake ɗiga wa jinin ba a son a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30, amma a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana haura 40.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a bayyane yake. Jinin da aka ɗiba bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci ba, idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ma'aunin milimol, ya shiga sahun masu ciwon. Haka nan idan ya kai 200 awa 2 bayan an shayar da shi giram 75 na gulukos. Wanda kuma ba ya da alamun ciwon, sai an maimaita a wata rana kafin a tabbatar. Sai dai mutanenmu da yawa idan an tambaye su sai su ce ba su ci komai ba, alhali sun sha koko ko shayi mai sukari, domin a wurinsu abin da aka tauna shi ne ci. Ruwa zalla ne kawai aka yarda da shi.

Akwai gwajin HbA1c, wanda Hukumar ta amince da shi a 2011 a kan iyakar kashi 6.5 cikin ɗari. Ba ya buƙatar a zauna da yunwa, yana kuma nuna yadda sukari ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, saboda yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kan rayu kimanin kwana 120. To, a nan ne ƙasarmu take da nata uzurin. Ƙwayoyin jinin mai ciwon sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, don haka gwajin ba abin dogaro ba ne a kansa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴan Najeriya masu rukunin AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila, rukunin da wasu hanyoyin aunawar kan yi kuskure a kansa. Zubar jini ko ƙarin jini na kwanan nan sukan sa lambar ta faɗi, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yakan sa ta hau, ga shi ba da shi ake gano sukarin goyon ciki ba.

Kada wani ya fake da wannan wasiƙa ya ƙi zuwa asibiti. Mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare da ramar da ba ta da dalili, idan sukarinsa ya kai 200 a kowane lokaci, ya ga likita a ranar.

Roƙona ga ƙungiyoyin da ke fita gwaji kyauta, musamman ranar 14 ga Nuwamba da aka ware domin wannan ciwo, shi ne su tafi da buta da sabulu, su duba wa'adin takardunsu, kuma duk wanda lambarsa ta yi sama su rubuta masa takardar zuwa ɗakin gwaji, su faɗa masa da baki cewa kada ya sayi magani sai an tabbatar. Likitoci kuma su riƙa tambayar rukunin jini, wato AA, AS ko SS, kafin su tura mutum gwajin HbA1c.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Daga Zariya.