Wasiƙar godiya ga shagon zane da ɗab'i da ke titin IBB, Katsina

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Alhaji mai shago da yaransa, na rubuto ne a bainar jama'a saboda 'yan uwana masu ɗinki su san inda ake aiki da ilimi.

Kundin hotunan ɗinkunan Sallah na kawo muku, da allon shago, da ɗan lebul da muke maƙalawa a wuyan riga. Abin da na iya faɗa kawai shi ne ina son rubutun tsutsa mai kwantawa gefe, irin na mujallun ado. Malamin da ke kan kwamfuta bai yi mini dariya ba. Ya jawo kujera ya buɗe mini wasu salon haruffa guda biyu, Bodoni da Didot, ya nuna yadda kowane harafi ke da gefe mai kauri da gefe siriri kamar zare, da 'yan ƙafafu a ƙarshensa. Ya ce Bodoni sunan wani maɗabi'i ne na garin Parma a Italiya da ya rasu a 1813, Didot kuma zuri'ar masu ɗab'i ce ta Faris, irin haruffansu ne a goshin mujallar Vogue. Shi kansa rubutun tsutsa, a birnin Banis na Italiya aka fara buga littafi da shi a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius.

Inda kuka burge ni, Alhaji, shi ne da kuka hana ni abin da nake so. Na nace a sa Didot a kan lebul, kuka ce siraran layukan nan ba sa jure ƙanƙanta; a kan ƙyalle zare zai cinye su, wanki biyu sai a ga rabin suna. Kuka bar shi a manyan kanun kundin, inda yake da fili ya yi yanga kusa da shadda da leshi, lebul kuwa kuka zaɓa masa harafi mai ƙwari. Wani shagon da karɓar kuɗin zai yi ya buga.

Sai maganar ƙugiya. Da yawa daga cikin kyawawan haruffan nan ba a zana musu ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa ake ganin alluna a gari an rubuta "dinki", ko kuma harafi ɗaya ya fito tsaye ƙiƙam a tsakiyar kwantattu, abin ba kyan gani. Yaronku ya zauna ya zana ƙugiyoyin da hannunsa, ya karkata su daidai da sauran, bai ƙara mini ko sisi ba.

Allon yana rataye yanzu a Ƙofar Ƙaura, daga tsallaken titi ana karanta shi. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran nan albarka. Kundin babbar Sallah ma wajenku zan kawo.

Taku,
Mai shagon ɗinkin mata, Ƙofar Ƙaura, Katsina